Daga Gotar Nima Zuwa Bakin Teku: Ina Bolarmu Take Zuwa?

Duk wanda ya taɓa yin damina a Nima ko Mamobi ya san abin da ke faruwa da zarar hadari ya haɗo. Tun kafin ɗigon farko ya sauka sai ka ga an fara fitowa daga lunguna, wannan da bokiti, wancan da kwando, wata da buhu a ka, kowa ya nufi bakin gota. Ana jira ruwa ya yi ƙarfi a juye masa sharar da aka tara kwana da kwanaki, ya wuce da ita. Gari na wayewa ƙofar gida fes, an huta. To, amma mai karatu, ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka ina ruwan nan yake kai wannan kaya?

Ba nisa yake kai shi ba. Babbar gotar nan da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi asalinta rafi ne, tana gangarawa har ta faɗa cikin kogin Odaw kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, watau Circle. Shi kuwa Odaw tun daga wajen tsaunukan Akwapim ya taso, ya biyo ta Achimota da Alajo da Avenor yana karɓar abin da kowace unguwa ta aiko masa. Daga Circle sai ya wuce ta gefen Agbogbloshie ya zuba a tafkin Korle, shi kuma Korle ya amayar a teku tsakanin James Town da Korle Gonno. Tafkin nan mutanen Ga, masu ƙasa, suna girmama shi tun kaka da kakanni, kuma a da ana kama kifi a cikinsa. Yau ruwansa baƙi ne wuluk, warinsa ke fara yi maka maraba tun kana nesa. Masunta da ke bakin teku kuwa sukan jawo raga da nauyi suna murna, su buɗe su tarar rabinta leda ce da robar ruwa da tsummoki.

A duk faɗin Gana, Ba'ashante da mutumin Ga da na Ewe, kowa "bola" yake ce wa shara kamar yadda muke faɗa a zango. Mutanen da ke bi gida gida suna karɓarta a buhu ana biyansu kuwa sunansu "kaya bola", kamar yadda ake kiran matan da ke dako a kasuwa "kayayei". Wannan "kaya" dai tamu ce, ba mai musu. Kuma wanda ya fara sa sunan ya faɗi gaskiyar magana ko da bai sani ba, domin bola kaya ce, ɗauka take so. In an sami mai ɗauka da abin ɗauka da wurin saukewa, an gama. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, ruwan sama ne zai yi dakon.

A shekarun baya an ƙiyasta cewa birnin Ankara yana fitar da shara kimanin tan 2,800 a kowace rana, abin da ake iya kwashewa kuwa bai wuce tan 2,200 ba. Ragowar tana nan tare da mu, a gota, a kangon fili, ko kuwa a banka mata wuta da dare. A unguwannin masu hali mota tana zuwa ƙofar gida ta ɗauka, a biya a ƙarshen wata. Mu kuwa a zango yawancin lungunanmu ko amalanke da ƙyar take shiga, balle babbar mota. Don haka sai aka ajiye manyan kwantena a bakin titi, kowa ya kai tasa ya biya ɗan kuɗi. Kwantenar takan cika da hantsi, motar da za ta ɗauke ta wani lokaci sai bayan kwana biyu ko uku, a tsakanin nan kuwa shara ta yi tsiri a gefenta, awaki da kaji da ƙudaje suna ta biki.

Me ke hana motar zuwa? Babban dalili shi ne nisa. Kowace shekara birni yana ƙara faɗi, juji yana ƙara gudu gaba. An zuba a Mallam har aka cika, aka zuba a Oblogo wajen Weija har mutanen wurin suka yi ta kuka da wari da ruwan ƙazanta, aka zuba a wajen Pantang. A shekarar 2013 aka buɗe juji na zamani a Kpone, can bayan Tema, wanda aka gina da taimakon Bankin Duniya. Daga tsakiyar Ankara zuwa can tafiya ce ta fiye da kilomita 30, cikin cunkoson da kowa ya sani, sa'an nan in an isa a bi layi. Motar da ya kamata ta yi sawu huɗu ko biyar a yini sai ta ƙare da ɗaya ko biyu, tana ƙona gas tana tsiyayar da ruwan shara a kan kwalta tun daga inda ta taso. Shi kansa jujin Kpone ya cika tun kafin lokacin da aka yanka masa, kuma a watan Agusta na 2019 wuta ta kama shi, ta daɗe tana ci a ƙarƙashin tulin, hayaƙi ya lulluɓe mutanen yankin.

Cikin wannan giɓi ne babur mai ƙafa uku, wanda muke kira aboboyaa, ya sami shiga. Gaskiya a faɗe ta, samarin da ke tuƙa shi, waɗanda da yawansu 'yan arewa ne da 'yan zango, sun rufa wa birnin nan asiri. Suna shiga inda mota ba ta shiga, suna zuwa kullum, kuma ana iya yin ciniki da su. A ƙarshen 2021 ministan yankin Ankara na lokacin, Henry Quartey, ya hana aboboyaa hawa babbar hanyar Ankara zuwa Tema saboda haɗurran da ake yi. Hujjarsa tana da ƙarfi, don kuwa abin da ke tafiya kamar hawainiya ba shi da wuri a tsakanin tireloli. Amma yaron da aka hana hanya da kaya a bayansa dole ya sauke a wani wuri. Akwai tashoshin tara shara a Teshie da Achimota, inda ƙananan masu ɗauka ke juyewa manyan motoci su kwashe a dunƙule, kuma wannan dabara ce mai kyau, sai dai sun yi kaɗan ga birni irin wannan, ga shi kuma ana biya kafin a juye. Wanda ya ga tasha ta yi masa nisa, ko kuɗin ya cinye masa riba, yakan jira dare ya raba ya nemi bakin rafi. Mai gidan da ya biya shi da safe kuwa yana can yana barci, a ganinsa ya sauke nauyi.

Ba dukan abin da ke cika mana juji ne muka samar da hannunmu ba. Akwai wanda jirgin ruwa ke kawowa. Kasuwar Kantamanto tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, kuma ƙungiyar Or Foundation, wadda ta daɗe tana aiki a cikinta, ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma suna fita a matsayin shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta musanta wannan lissafi, ta ce ɓarnar ba ta kai haka ba ko kusa. Ko ma dai wane ne ya fi gaskiya, wanda ya je bakin teku a James Town zai ga tsummoki sun nannaɗe kamar igiya sun nutse cikin rairayi. Dilar da aka ɗaure a Ingila ko Amurka ko Sin, ta sauka a Tema, ta hau tirela, ta hau kan wata yarinya 'yar arewa mai dako, ƙarshen wani kashi nata shi ne Korle.

Sakamakon wannan duka mun gan shi da idonmu shekara biyu a jere. A 2014 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200, kuma yankin Ankara ne ya fi shan wuya. Sai kuma daren Laraba, 3 ga watan Yuni, 2015. An yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, Odaw da ya cika da yashi da leda ya kasa ɗauka, ya yi ambaliya, Circle ta zama kogi. Motoci suka tsaya cik. Mutanen da suka taso daga aiki da kasuwa, da fasinjoji da direbobi da masu talla, suka fake a gidan mai na GOIL da ke wurin suna jiran ruwa ya tsagaita. Ashe mai ya malalo yana yawo a saman ruwan. Wuta ta tashi, ta bi ruwa, ta cim ma mutane a inda suka fake, ba gaba ba baya. Fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu a wannan dare, tsakanin wuta da ruwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Shugaban ƙasa John Mahama ya sa aka yi zaman makoki na kwana uku, kuma kafin wata ya ƙare hukumar birni ta shiga Old Fadama da katafila ta rushe gidajen da ke bakin ruwa don a sami damar yashe shi.

An yi ta magana a lokacin a kan waɗanda suka yi gini a kan hanyar ruwa, da gidajen mai da aka dasa a tsakiyar jama'a, kuma duk gaskiya ne. Amma ledar da ta toshe ƙarƙashin gada a daren nan ba daga sama ta faɗo ba. Wata daga Achimota ta zo, wata daga Alajo, wata kuwa daga ƙofar gidajenmu.

Yanzu bari mu juya ga motocin kansu, domin da yawansu su ma kayan da wasu suka gama da su ne aka turo mana. Mafi yawan motocin da ke kan titunan Gana tsofaffi ne da aka shigo da su ta Tema, waɗanda muke yi wa laƙabi da hom-yus. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Da hukumomin ƙasar Holan suka duba waɗanda ke barin tashoshinsu, sai suka tarar yawancinsu shekarunsu 16 zuwa 20, da yawa ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi, wasu kuma an yanke musu tukunyar nan ta jikin salansa da ke tace hayaƙi, saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Motar da aka hana ta yawo a can, ita ce za a yi wa fenti a nan, a jera mata kujeru, a rubuta mata "Allah Ya kiyaye" a goshi, ta zama trotro ta ƙara shekara goma sha tana aiki.

Man da ake zuba mata shi ma da labarinsa. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta tona cewa 'yan kasuwar mai na Turai suna haɗa wani gas na musamman don Afirka ta Yamma, mai ɗauke da farar wuta ninkin ba ninkin abin da doka ta yarda da shi a can. A Turai iyakar ita ce kashi 10 cikin miliyan, mu kuwa a lokacin dokarmu ta yarda har 3,000. Farar wutar nan ita ke ƙara yawan ƙurar hayaƙi mai laushi wadda ido ba ya gani, wadda ke wucewa har cikin huhu ta jawo asma da ciwon ƙirji da na zuciya. A nan sai a yaba wa Gana, domin ba ta yi nawa ba: daga 2017 ta sauko da iyakar gas ɗin da ake shigowa da shi zuwa 50. Amma mai mai kyau a cikin injin da ya mutu bai hana baƙin hayaƙi.

Wa ke shaƙar sa? Mai babbar mota ya ɗaga gilashi ya kunna sanyi ya wuce. Wadda ke zaune a bakin titin Nima tun asuba tana sayar da koko da ƙosai, ko wake da shinkafa, da goyo a bayanta, salansar trotro daidai fuskar yaron take. Haka karen mota da ke rataye a ƙofa yini guda, haka mai gasa tsire da yamma, haka yaran makaranta da ke jiran tsallaka titi. In tari ya ƙi jin magani sai mu ce sanyi ne.

A 2020 majalisar dokoki ta gyara dokar kwastan don hana shigo da motocin da suka wuce shekara 10 da waɗanda suka yi mummunan haɗari a can aka rubuta su a matsayin matattu. Ba a kai ga fara aiki da ita ba a watan Nuwamba na shekarar kamar yadda aka shirya, sai gwamnati ta dakatar, bayan dillalan motoci da masu sayar da kayan gyara na Abossey Okai sun tayar da ƙura, ga kuma zaɓe ya ƙarato. Ba za a ce ba su da hujja ba. Dubban gidaje ke ci daga wannan sana'a, namu na ciki, kuma direban da bai iya sayen sabuwar mota ba ba za a ce masa ya zauna a gida ba. Manyan motocin Aayalolo da aka kawo a 2016 don su rage cunkoso a hanyar Amasaman su ma ba su sami hanya tasu ta kansu yadda ya kamata ba, suka shiga layi ɗaya da kowa. Saboda haka tsohuwar trotro tana nan daram, ita ke kai mafi yawan mutanen birnin nan wurin neman abinci.

Kafin mota ta mutu ma tana zubar da nata kashin a hanya. Baƙin man da makanike ya juye daga inji, sau da yawa gota ce makomarsa. Ruwan batir haka. Tsohuwar taya kuwa, wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin a wasu mayanka da ita ake babbake kai da ƙafa da ganda, saboda ta fi itace araha kuma wutarta ta fi ƙarfi. Hukumomin lafiya sun sha yin gargaɗi cewa hayaƙin taya yana barin guba a jikin nama, ban da wanda mai babbakar ke shaƙa. Sana'ar fawa a ƙasar nan sana'ar iyayenmu ce, sarakunan fawa kuwa ana jin maganarsu. In suka ce a daina, za a daina.

In ta mutu ɗungurungum, a da Agbogbloshie ake kai ta. Duniya ta san wurin da tsofaffin kwamfutoci da talabijin, har a 2013 wasu ƙungiyoyi biyu na ƙasashen waje suka sa shi cikin wurare 10 mafi guba a duniya, amma wanda ya shiga ya san gawarwakin motoci da injuna su ne suka fi cika filin. Samari, yawancinsu Dagomba daga arewa, suna farfasa su da guduma da kurfi, suna ware ƙarfe da alminiyom da tagulla. Aikin nan yana da amfani, don da ba su, da gawar mota ta cika kowane lungu. Inda ɓarnar take shi ne ƙona waya don a fitar da tagullar ciki, sau da yawa da taya ko soson firji ake hura wutar. Wani bincike na 2019 ya gano cewa ƙwai ɗaya na kajin da ke kiwo a wurin yana ɗauke da gubar dayoksin da ta ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya jurewa a yini sau 220. Ga kuma kasuwar albasa da ta doya a maƙwabtaka, ga shanu suna kiwo a kan toka.

Ran 1 ga watan Yuli, 2021, aka rushe filin. 'Yan albasa, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne masu sauke kaya daga Nijar, aka mai da su Adjen Kotoku. Masu ƙarfe suka haɗa kuɗi suka sayi fili a Teacher Mante, can kan hanyar Kumasi, amma wurin ya yi nisa da inda kayan suke, domin tsohon ƙarfe a cikin birni ake tsintarsa, kuma mai tura amalanke ba zai iya wannan tafiya ba. Da yawa sai suka tsallaka Odaw suka shiga Old Fadama, wasu suka watsu cikin unguwanni. Hayaƙin da a da yake tashi a wuri ɗaya, yanzu yana tashi a bayan ɗakunan kwana.

Alkawari dai an sha yi. A 2017 shugaban ƙasa Nana Akufo-Addo ya ce zai mai da Ankara birni mafi tsabta a Afirka. A 2019 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 don gyaran Odaw da magudanansa, kuma Nima tana cikin unguwannin da aka sa a shirin. An yashe kogin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kowane karo kuma damina ɗaya ko biyu ta isa ta mai da shi yadda yake, tun da ba a tsayar da abin da ke gangarowa daga sama ba. Dattawanmu sukan ce a dawo da zamanin tankas, lokacin da duba-gari ke shiga har cikin gida ya leƙa randa, in ya ga ƙazanta ya rubuta sammaci. Tsoron sammaci yana da amfaninsa, amma matar da aka ci tara don ta zuba a gota, gobe ma sai ta tambayi inda za ta kai, kuma dole a sami amsar da za a ba ta.

Bayan kwalarar 2014 gwamnati ta ware Asabar ta farkon kowane wata don tsabtace gari, kuma har yau ƙungiyoyin samarinmu sukan fito lokaci lokaci, musamman gab da azumi ko salla, su shiga gota da shebur da manjagara. Aiki ne na lada, mai wuya, wanda ba kowa zai iya ba. Sai dai sau nawa muka ga an fito da baƙar laka da leda an tula a bakin gota, an yi hoto, an watse, tulin nan ya kwana bakwai yana bushewa ana tsallake shi, motoci suna watsa shi, har ruwa ya sauko ya mai da shi inda aka ciro shi? Kuɗin hayar tifa ɗaya na yini bai fi ƙarfin masallatan unguwa ɗaya ba in aka yi karo-karo ranar Juma'a. Kafin a sa ranar yashe gota ta gaba, sarakunan zango da limamai da ɗan majalisar unguwa su fara zama su san wace mota ce za ta zo, ƙarfe nawa, kuma wace tasha za ta kai kayan.